Ciyayya da Gishirin Masu Hawan Jini

A unguwarmu ta Anka magidanci ba ya cin tuwon dare a cikin gida, sai in ba shi da lafiya ko ba ya shiri da mutane. Da an sallame magariba kowa zai shiga gidansa ya fito da kwanonsa, a haɗu a tabarma ɗaya, a jera kwanonin a tsakiya. Ciyayya ke nan. Haka na taso na ga mahaifina yana yi, ni ma haka na ci gaba tun da na ajiye aikin koyarwa na dawo gida, bayan an gama yawo da ni daga Gummi zuwa Adabka zuwa Bagega da alli a hannu. A ƙofar gidana ake shimfiɗa tabarmar, don ni ke da dakali da itacen bedi, wato dogon yaro, mai inuwa.

Mu huɗu ne ba ma fashi. Akwai mahauci, maƙwabcina na jikin katanga, mutum mai jiki da baki, wanda ba ya kirana da komai sai Hedimasta, alhali ya san har na bar aiki ba a taɓa ba ni makaranta na riƙe ba. Akwai ladanin masallacinmu, dattijo siriri mai cin abinci a natse kamar yana jan carbi. Sai direba, ƙaraminmu, mai jigilar fasinja tsakanin Anka da Gummi, wani lokaci har Sakkwato. Shi ke kawo mana labarin duniya, rabi gaskiya, rabi na tasha, kuma mun fi son na tashar.

Ciyayya tana da ƙa'ida, ko da yake ban taɓa jin wani ya faɗe ta da baki ba. Kowa sai ya sa hannu a kwanon kowa. In ka tsallake kwanon mutum, gidansa ka raina. Ba a kuma yabon miyar wani gida a bainar jama'a, amma kwanon da ya fara ƙarewa, in aka mayar da shi ciki, matan gida sun san abin da aka ce. Matata ta daɗe tana cin wannan gasa a ɓoye da miyar kukarta mai daddawa da man shanu. In na shigo da kwano a suɗe ba ta cewa uffan, sai dai can in jiyo ta tana 'yar waƙa wajen wanke-wanke.

Ciwona ta takalmi ya fara. Takalmin da na yi shekaru ina sawa ya kama matse ni, na zagi mai gyaran takalma a banza. Daga nan fuska ta riƙa kumbura da safe, in ta saɓe sai wajen azahar. Na san ina da hawan jini tun ina Gummi, ba baƙon abu ba ne a wurina, amma kumburi ban san shi ba. Aka kai ni asibiti a Gusau, aka ɗebi jini da fitsari. Likitar wata matashiya ce sa'ar 'yata. Ta ce ƙodata ta gaji, hawan jinin ya daɗe yana cin ta a hankali. Ta tambayi wuraren da na yi aiki, da na ambaci Bagega sai ta ɗago ta dube ni. Ta ce dalmar da ake fama da ita a can lokacin da ake daka duwatsun zinariya cikin gidaje ita ma tana taɓa ƙoda, amma ba za ta rantse ba, hawan jinin kaɗai ya isa. Ta rubuta magunguna, sannan ta kafa doka: ban da gishiri, ban da dunƙulen magi, ban da kanwa, nama kuwa sai ɗan kaɗan.

Matata mace ce da in an ce mata kar, to an gama. Tun ranar ta raba tukunya, ta fara yi mini miya lami. Na ɗauki kwanona na fita bayan magariba kamar kullum, na ajiye shi cikin 'yan'uwansa. Kowa ya kai loma ɗaya don cika ƙa'ida. Mahauci ya daɗe yana juya tasa a baki kafin ya haɗiye.

"Hedimasta," in ji shi, "miyag ga ko a mahwalki ta taɓa ganin gishiri?"

Muka yi dariya har da ni. Amma ni ban iya sa hannu a kwanon kowa ba, su ma ba wanda ya koma wa nawa. Na zauna ina cin tuwona a gefe guda, su suna ta kai hannu nan da can a kan gwiwata. Da aka tashi na ɗauki kwano da fiye da rabinsa na shiga ciki. Matata ta buɗe, ta duba, ta rufe, ta kai wa awaki. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, shi ya fi damuna. Da na ga abin yana neman zama cin fuska gare ta kullum dare, sai na ce daga yau a ciki zan riƙa ci.

Wanda bai taɓa ci shi kaɗai da katanga ɗaya tsakaninsa da abokan cinsa ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Ɗakina yana jikin zaure. Ina jin ƙarar murafan kwanoni in an buɗe su. Ina jin dariyar mahauci, wadda ko kurma ya ji ta. Labarin direba kuwa sai in ji farkonsa, in iska ta juya ƙarshen ya ɓace, in ji an fashe da dariya ban san a kan me ba. Na kan tsinci kaina ina murmushi ga bango, da loma a hannu, kamar wawa.

Wata rana na ce wa matata ta zo ta zauna mu ci tare. Ta kama baki. "Haba Malam, da girmanmu? In wani ya shigo hwa?" Mun tsufa tare, mun aurar da 'ya'ya, amma ba ta taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ni ba, haka Innarta ta yi, haka kakarta. Ban ga laifinta ba. Abin da ta iya shi ne ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni rabin baya, tana tsinke zogale ko gyaran wake har in gama. 'Ya'yan kuwa sun watse. Babbar tana aure a Bukkuyum, mazan suna birni. Suna kira a waya, Allah ya yi musu albarka, amma tambayar ɗaya ce: Baba ka sha magani? Ba wanda ya taɓa tambayata da wa na ci.

Damina ta shigo ta fita ina cikin wannan hali. Ba wai maƙwabtan sun yar da ni ba ne. Muna haɗuwa a masallaci sau biyar, suna leƙowa da safe su yi mini ya jiki. Sai dai gaishe da majinyaci daban, ci tare da mutum daban. Mai gaisuwa ƙafarsa ɗaya tana waje. Na yi zaman haya ni kaɗai a Adabka, ɗaki ɗaya da fitilar ƙwai, a lokacin da hanya kan yanke da damina a yi makonni ba mota, amma ko can da magariba ta yi akwai tabarmar da zan nufa da kwanona. Kaɗaicin da na ji a gidana na gado ban taɓa jin irinsa a baƙon wuri ba. Na zama mai saurin fushi. Na yi faɗa da rediyo, na yi faɗa da kajin gida.

Ana nan, wata rana bayan la'asar sai ga ladan da direba sun yi sallama a zaure, suna ta wani murmushi irin na masu ɓoye goro a aljihu. Direba ya zaro wani ƙulli a farar leda ya ajiye a gabana. Gari ne fari, mai laushi, ba ka raba shi da gishiri. Ya ce shi ma ai hawan jini ya kama shi, ciwon kai ya hana shi sakat a kan hanya. Wani mai shagon magani a Sakkwato ya nuna masa wannan, ya ce gishirin masu hawan jini ne, an rage masa abin da ke tayar da jini an sa wani a madadinsa. Ya koma cin sa, kuma malamar asibitin da ke auna shi a Gummi ta ce jininsa ya ɗan sauka. Ba ƙarya yake yi ba, ni kaina na lura idonsa ya daina ja.

Ashe sun yi shawara ba da ni ba. Direba ya sayo babban ƙunshi, aka raba shi ƙulli-ƙulli kamar yadda ake raba komai a ƙasarmu, kowane gida aka kai nasa. Matar mahauci ta fara tirjewa, ta ce ita ba a koya mata girki da tsufanta, aka bi ta da lallashi har ta sauko. Sun yi kwanaki suna ci su kaɗai don su tabbatar yana ciwuwa kafin su zo mini.

Ladan ya dafa gwiwata. "Malam, hito ka koma wurinka. Duk gidajenmu an bar gishirin kasuwa, wanga aka zuba ma miya yanzu. Ba ka da sauran hujja."

Na sunkuyar da kai ina ta juya ƙullin a hannu don kada su ga idona. Gidaje uku sun sauya tukunyarsu saboda ni, mata da yara da kowa. Ban san na kai haka a wurinsu ba.

Matata ta ɗan lasa a harshe, ta yamutsa fuska, ta ce yana da ɗaci-ɗaci daga ƙarshe, kuma likita ai ta ce ban da gishiri. Muka zauna muka auna maganar tsakaninmu. An hana ni gishiri ne don yana tayar da jini, jini kuma yana cin ƙoda. Wannan kuwa saukar da jini yake yi, ga direba shaida. To ina matsalar? Ranar komawata asibiti da saura, hanyar Gusau kuma a shekarun nan ba hanyar da mutum zai hau don tambaya ɗaya ba ce. Daga ƙarshe ta ɗauki ƙullin ta nufi madafa. Na san ita ma ta gaji da ciyar da awaki.

Daren da na koma tabarma ba zan manta shi ba. Gidan ladan an yi hoce, wainar dawar nan ta ƙasarmu, da miyar sure, wato yakuwa. Direba ya zo da kifin Gummi, an yi masa romo. Na mahauci, kamar kullum, kayan ciki ne ke iyo a kan tuwon dawa. Na sa hannu a kowane kwano, na zagayo, na sake zagayowa. Mahauci yana ci yana mita, wai shi lafiyarsa lau an mai da shi majinyaci da ƙarfi da yaji, bakinsa kullum kamar ya tsotsi ƙusa. Yana mitar yana suɗe yatsu. Direba ya ba da labarin wani fasinja da ya shiga mota da rago ya ce ƙanensa ne, na ji shi tun daga farko har ƙarshe, na yi dariya har da hawaye. Na shiga gida da kwano fes.

Da yake gishirin ba ya kama miya kamar na kasuwa, matan suka riƙa sakin hannu. In da cokali ɗaya ne, yanzu sai a ƙara. Wa zai yi rowar abin da aka ce magani ne? Ni ma na saki ciki. Abin da aka hana ni watanni na dawo masa da yunwar wanda ya kai azumi. Matata ta daina raba tukunya, har kokon safe in da ƙosai da shi ake yi. Makonnin nan su ne mafi daɗi da na yi tun da ciwo ya same ni, kuma har yau ba na ƙin tuna su.

Sai ƙafafuna suka fara nauyi. Ba kumburi ba wannan karon, wani irin mutuwar jiki ne, kamar na wuni ina taka laka. Leɓɓana kuma kamar kiyashi na bin su. Zuciyata takan yi shiru ɗan lokaci, in tsaya ina sauraronta, sannan ta buga da ƙarfi ta ci gaba. Na ɗauka tsufa ne. Wata rana a sallar azahar na yi sujada na nemi tashi, ƙafafun suka ƙi. Liman ya yi kabbara, sahu ya miƙe, ni ina durƙushe. Da aka sallame ladan ne ya fara isowa kaina. Aka aika tasha, direba ya sauke fasinjojin da ya riga ya loda, ya kwantar da ni a kujerar baya, matata ta riƙe kaina. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba don mu isa Gusau da sauran rana.

Aka ɗebi jini, aka manna mini wayoyi a ƙirji. Na ga ma'aikatan sun daina tafiyar asibiti ta yanga sun koma sauri, nan na san abin babba ne. Aka sa mini ruwa da allurai ta jijiya. Da na ɗan farfaɗo, likitar nan tawa ta zo ta tsaya a kaina, ta tambayi abin da ya canza a cimata. Na ce ba komai, ni gishirin kasuwa ko ƙwaya bai shiga bakina ba. Direba yana tsaye a ƙafar gado, ya matso da fara'arsa, yana jin lokacin a yaba masa ya yi.

"Likita, ai gishiri kam mun raba shi da shi. Na masu hawan jini munka samo mai daga Sakkwato, mu duka unguwa shi muka ci."

Ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ja kujera ta yi mana bayani a hankali. Ta ce abin da aka sa a gishirin nan a madadin na kasuwa wani sinadari ne da ake kira fotasiyam, wanda yake cikin ayaba da dankali da ganyaye da ruwan toka. Ga mai lafiyayyar ƙoda abu ne mai kyau, yana taimakawa jini ya sauka, in ya yi yawa ƙoda ta fitar da shi ta fitsari. Tawa ƙodar kuwa ba ta da ƙarfin fitar da shi, ga kuma ɗaya daga cikin magungunan da nake sha yana ƙara riƙe shi a jiki. Sai ya taru a jini, in ya taru zuciya yake tsayarwa, sau da yawa ba tare da wani gargaɗi ba. Ta ce ƙafafun da suka ƙi tashi da ni sun yi mini gata.

Ta juya ga direba. "Kai ka ci gaba da cin naka, in mai duba ka ya auna ƙodarka ya yarda. Shi kam kada ya ƙara taɓa shi har abada."

Direba ya fita a hankali. Gadona yana kusa da taga, na hango shi ya je ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar motarsa, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Matata ta kai masa abinci ya ƙi karɓa.

Da aka sallame ni na dawo Anka, bai bar ni na huta ba da neman gafara. Safe ya zo, yamma ya zo, ya durƙusa a zaure kamar mai laifin kisa. Har na hasala na ce masa in ya ƙara ce mini in yafe masa zan kore shi, wane laifi ya yi ban da son in ci tuwo cikin mutane? Bai ji ba. Har yau in mun haɗu idonsa a ƙasa yake.

Ladan ne ya yanke sabuwar shawara, kuma ba wanda ya iya musa masa. Ya ce tunda gishirin kasuwa ya haramta gare ni, na magani ma ya haramta, to kwanon da za a fito da shi tabarma a kowane gida a yi shi lami. Mai son gishiri ya zo da nasa a murfi ya riƙa dangwala lomarsa. Na ce a'a, suka ce an gama magana. Gaskiya ban ƙi da ƙarfi ba. Ina son tabarmar nan, ina tsoron ɗakin can.

Sai dai wannan karon dokar likita ta ƙaru. Ban da sure mai yawa, ban da tumatir mai yawa, ban da kayan ciki, ban da ruwan toka. Matan unguwa kuwa tsoro ya shige su, ba wadda ke son a ce daga tukunyarta abin ya fito. Kafin a ɗora girki sai an aiko a tambayi matata ko kaza ya halatta. Da tambaya ta yi yawa sai kowa ta zaɓi abin da ba shi da haɗari. Aka wayi gari kwanoni huɗu a tabarma, duk tuwo da koriyar kuka tsararo, ba ka gane na wane gida ne. Kowace mace kuma tukunya biyu take ɗorawa, ta iyali da ta waje, ga itace ya yi wuya tun da shiga daji ya zama abin da ya zama.

Dangwala gishiri a murfi bai yi ba. Mahauci ya ce gishirin da bai dahu cikin miya ba, lasa ce irin ta shanu. Amma ba ɗanɗanon ne ya kashe zaman ba, kallo ne. Duk lomar da na kai baki idanu shida na bin ta. In na yi tari sai hannuwa su tsaya cak. In na gyara zama sai a ce, lafiya Malam? Direba ya daina ba da labari, yana zaune yana ƙirga numfashina. Mahauci da ba ya iya minti ɗaya bai tsokane ni ba ya koma ce mini sannu. Wallahi na fi son zagin.

Sannu a hankali na fara ganin alamu. Mahauci yakan fito da maiƙo a gemu, ya kai loma biyu ya ce alhamdu lillahi. Ya riga ya ci a ciki, ban ga laifinsa ba, mutum ne mai wuni a tsaye da wuƙa. Direba ya fara kwana a Gummi, wai hanya. Ladan kaɗai ya riƙe alkawari da gaskiya, ba ya cin komai sai abin da ke tabarma, sai ga shi yana ƙara ramewa, muryarsa a kiran asuba ta fara rawa. Kwanoni huɗu suna komawa gidaje huɗu da saura. A da ana kaiwa har kiran isha'i ana hira, yanzu kafin duhu ya gama rufewa an naɗe tabarma. Ciyayyar da ta girme ni, wadda ubana ya zauna a kanta da iyayensu, tana mutuwa a ƙofar gidana, kuma kowa ya san saboda wa, ba mai iya faɗi.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Na san abin da ke jirana in na janye, na ɗanɗana shi damina guda. Amma ranar da na ga ladan ya miƙe daga tabarma ya dafa itacen bedi don jiri, na yanke. Washegari bayan magariba na fito hannu sake, ba kwano. Na ce musu na yi waya da likita, ta ce daga yanzu in riƙa cin abincin dare tun da sauran rana, kada in ƙara sa komai a ciki bayan faɗuwarta, saboda magani. Don haka kowa ya koma girkinsa na da. Ƙarya ce na shirga, ban yi waya da kowa ba.

Ladan ya daɗe yana kallona. Ya san ni tun muna yara muna wanka a gulbi, ya san yadda bakina ke yi in ina ƙarya.

"Haka tac ce?"

"Haka ta ce."

"To. Allah shi ba da lahiya."

Mahauci ya ɗan yi gardama don kunya, ya ce ai sai su ma su dawo da cin nasu la'asar, amma ko ƙarshen maganar bai kai ba ya sake ta. Na ga kafaɗun direba sun sauka. Abin da nake so ke nan, ni na shirya shi da kaina, amma saurin da suka yi wajen yarda ya soke ni. Na shiga gida na zauna a bakin gado, raina a ɓace, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Yanzu ina cin tuwona da la'asar sakaliya, ni kaɗai, rana tana kan katanga, yara suna ta wasa a waje. Bayan magariba tabarma takan cika kamar da. Gidan direba da na ladan sun ci gaba da gishirin magani, an auna su an ce ƙodarsu lafiya, ladan ma har ya yi kumatu. Mahauci ya koma na kasuwa, yana cewa shi da ɗaci sai a lahira in an tilasta. Matata ta koma yin miyar kukarta mai daddawa, ni nake fito da kwanon da hannuna in ajiye musu a tsakiya, don gidana ba zai rasa kwano a tabarmar ƙofarsa ba. Sannan in koma kan dakali in zauna, buta a gefena. Ni ke zuba musu ruwan wanke hannu. Ina jin labari daga farko har ƙarshe, ana tsokanata ina ramawa. Ƙamshin kuwa na koyi zama da shi.

Kwanan baya direba ya zo da wani baƙo, fasinjansa ne daga Bukkuyum da yamma ta yi masa a hanya. Dattijo ne mai ladabi. Aka ce bisimilla, ya matso, ya naɗe hannun riga. Har ya kai hannu sai ya hango ni a kan dakali. Ya tambayi wane ne mai gidan, aka nuna ni. Sai ya janye hannunsa ya ɗora a cinya, ya ce shi ba a koya masa ya ci a ƙofar mutum mai gida yana kallo ba, in sauko mu ci. Ya matsa gefe ya buɗa mini wuri a tabarma, daidai inda nake zama a da.

Direba ya dubi ƙasa, ladan ya dubi itace. Na dubi wurin nan da aka buɗa mini, na ji yawu ya taru a bakina.

"Ci abinka, ɗan'uwa," in ji mahauci, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shi ya ƙoshi."

Baƙon bai gamsu ba, ya zuba mini ido yana jiran ya ji daga bakina. Na ce masa ƙwarai kuwa, na ƙoshi. Na ce ya miƙo hannu in zuba masa ruwa.